Nazarin Lamari: Matashin da Tiramadol Ya Rufe Masa Cutar Ƙwaƙwalwa Shekara Biyar

Majinyacin

Namiji ne, bai yi aure ba, yana da shekara 28 lokacin da ya zo hannun ƙungiyar da ta kula da shi a ƙarshe. Aikinsa ɗora kaya da sauke su a rumbun ajiyar wani kamfani, kuma ya shafe shekaru yana aikin dare. Da mahaifiyarsa yake zaune, amma yayarsa ce mai ɗawainiyar kai shi asibiti da riƙe takardunsa. An sakaya sunansa, an kuma canza wasu ƙananan bayanai don kada a gane shi.

Kafin zuwansa ya riga ya ratsa wurare huɗu: sashen gaggawa, cibiyar gyaran hali, ɗakin ganin likitan iyali, da sashen kwantar da masu taɓin hankali. Kowane wuri ya rubuta masa sunan cuta daban.

Irin lamarinsa ba baƙo ba ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum kusan 20,000, wanda Darrel Regier da abokan aikinsa suka wallafa a 1990, ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na masu matsalar giya sun taɓa fama da wata cutar ƙwaƙwalwa, a masu matsalar sauran ƙwayoyi kuwa adadin ya kai kashi 53. A cikin masu nau'i na ɗaya na cutar baifola, wato cutar da yanayin mutum ke hauhawa ya kuma faɗi warwas, kusan kashi 60 sun taɓa faɗawa shaye-shaye. Waɗannan alƙaluma na jama'ar gari ne. A tsakanin waɗanda suka zo neman magani abin ya fi haka yawa, domin mai ɗauke da cuta biyu ya fi mai cuta ɗaya saurin isa asibiti, kamar yadda Joseph Berkson ya yi bayani tun 1946.

Shekara 19 zuwa 22: kafin ƙwaya

Bayanin wannan sashe bai shiga takardunsa ba sai bayan shekara tara, domin ba wanda ya tambaya. An kawo shi nan ne don shi ne farkon lamarin.

Yana da shekara 19 ya shiga wani hali na mutuwar zuciya da ya ɗauki kusan wata huɗu. Ya daina zuwa makaranta, ya daina fita, yana wuni kwance fuska ga bango, ya rame sosai. A lokacin taba sigari kaɗai yake sha. 'Yan gida sun ɗauka faɗuwa jarrabawa ce ta karya masa gwiwa, suka yi ta ba shi baki har abin ya wuce da kansa.

Shekara guda bayan haka sai ga akasin wannan. Kwana biyar ko shida a jere yana barcin awa uku kacal, ya tashi garau, ba gajiya. Ya fente ɗakunan gidan duka cikin kwana biyu, ya cika littafi da tsare-tsaren sana'o'in da zai buɗe, yana magana ba ya barin kowa ya sa baki. Ba wanda ya ga cuta a nan. Murna ma aka yi, aka ce yaro ya dawo hayyacinsa. A dangin mahaifinsa akwai wani ƙanin uban da aka sha kwantarwa a asibitin ƙwaƙwalwa, amma ba a maganarsa a gidan.

Shekara 23 zuwa 26: ciwon baya da abin da ya biyo baya

Yana da shekara 23 ya ji ciwo a baya wajen ɗaga kaya. Likita ya rubuta masa tiramadol, miligiram 50 sau uku a rana, na mako biyu. A lokacin yana tsakiyar wani zagaye na mutuwar zuciya, na uku a rayuwarsa. Cikin kwanaki kaɗan ya lura da abin da bai zata ba: ban da bayan da ya lafa, nauyin da ke ƙirjinsa ma ya ragu. Daga baya ya faɗa wa likita da bakinsa: "Likita, ni ba don in bugu na fara ba. Ranar ce na fara jin ina iya tashi in yi wanka ba tare da na yi faɗa da kaina ba."

Akwai dalilin haka a cikin maganin kansa. Tiramadol aiki biyu yake yi. Yana kashe zafi kamar 'yan uwansa na dangin ofiyom, irin su mofin da kodin. Yana kuma hana ƙwaƙwalwa saurin kwashe sinadaran sirotonin da noradirenalin, wato irin aikin da wasu magungunan ciwon damuwa suke yi. Mutumin da ke cikin ƙunci zai iya jin sauƙi na gaske daga gare shi a farko, sauƙin da ya wuce maye kawai.

Da mako biyun suka cika ya ci gaba da saye ta bayan fage. Jiki ya saba, abin da ke isarsa jiya ya daina isarsa yau. Yana da shekara 25 yana haɗiye miligiram 600 zuwa 800 a rana, alhali iyakar da likitoci ke bai wa baligi ita ce 400. Tiramadol ɗin ya hana shi barci idan ya taso daga aiki da safe, sai ya ƙara da tabar wiwi don ya samu ya runtsa.

Yana da shekara 26 ya faɗi a wurin aiki yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wannan sanannen haɗari ne na tiramadol, musamman idan an wuce ƙa'ida. A sashen gaggawa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, ba a ga komai ba. Ya faɗi gaskiyar abin da yake sha. Aka ja masa kunne, aka sallame shi washegari.

Yunƙuri na farko: mako 12 a cibiyar gyaran hali

Yayarsa ta samo masa gurbi a wata cibiya ta kwana. Tsarinsu shi ne yanke ƙwaya gaba ɗaya tun ranar shiga, motsa jiki, zaman ƙungiya da nasiha. Ba su da likitan ƙwaƙwalwa, kuma takardar shiga ba ta da tambaya a kan lafiyar hankali kafin fara shaye-shaye.

Kwana goma na farko ya sha azabar yankewa: hamma, majina, gudawa, zufa, ciwon gaɓoɓi, ga kuma firgici da wani abu kamar lantarki yana ratsa kansa, wanda masu daina tiramadol kan ji saboda ɓangarensa na sirotonin. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne ƙuncin. A mako na shida, lokacin da abokan shigarsa suka fara cin abinci da dariya, shi ya ƙara nutsewa. Ba ya magana a zaman ƙungiya, yana farkawa tun ƙarfe uku na dare, yana cewa shi kaya ne a wuyan 'yan uwansa. Rahoton cibiyar ya rubuta cewa ba ya ba da haɗin kai kuma bai shirya canzawa ba.

An sallame shi a mako na 12, jikinsa babu ƙwaya. Kwana 19 bayan nan ya koma ruwa.

Yunƙuri na biyu: maganin damuwa a kan tiramadol

Yayar ta lura cewa akwai abin da ya wuce ƙwaya, sai ta kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Aka ce ba za a iya tantance shi yana cikin shaye-shaye ba, ya je ya daina na wata guda ya dawo. Ya gwada sau biyu, bai taɓa wuce kwana huɗu ba.

Sai ya je wurin likitan iyali shi kaɗai, kuma a wannan karon ya ɓoye maganar tiramadol, tunda faɗin gaskiya ne ya sa aka mayar da shi gida a baya. Aka ba shi takardar PHQ-9, mai tambayoyi tara da ake auna ciwon damuwa da su, maki daga 0 zuwa 27. Ya samu 21, wato mataki mai tsanani. Ba a tambaye shi ko ya taɓa yin kwanaki ba ya buƙatar barci ba. Aka ɗora shi a kan satralin, wani maganin ciwon damuwa, miligiram 50, bayan mako biyu aka kai 100.

A mako na huɗu barci ya ɗauke masa kwata-kwata. Ya kashe albashinsa cikin kwana biyu, ya ci bashi, ya sanar da shugabanninsa a wurin aiki cewa shi zai sayi kamfanin. Kwana shida a haka, sai ga zazzaɓi, zufa, karkarwa da fizgar tsokoki, daga nan jijjiga ta biyu. Abu biyu ne suka haɗu masa. Satralin da tiramadol duka suna ɗaga sirotonin, haɗa su yana iya kai shi matakin guba, yana kuma ƙara haɗarin jijjiga. Sannan maganin damuwa, idan aka bai wa mai baifola shi kaɗai ba tare da maganin daidaita yanayi ba, yana iya cilla shi cikin hauhawar da likitoci ke kira maniya.

Aka kwantar da shi, aka tsayar da magungunan biyu. Alamun gubar sun lafa cikin kwana biyu. Hauhawar kuwa ta ci gaba har kwana 17, duk da olanzafin, maganin kwantar da hauhawa, miligiram 10 da ake ba shi kowane dare. An sallame shi a kwana na 24 da sunan taɓin hankalin da ƙwaya ta haifar, aka ba shi takardar zuwa sashen masu shaye-shaye.

Wata takwas tsakanin ƙofofi biyu

Sashen masu shaye-shaye suka duba takardar suka ce lamarinsa na ƙwaƙwalwa ne, ya fi ƙarfinsu. Asibitin ƙwaƙwalwa suka ce tushen matsalar ƙwaya ce, a fara magance ta. Ya daina olanzafin bayan mako biyar saboda kasala da ƙiba, ba kuma wanda ke bibiyarsa balle ya sani. An kore shi daga aiki, aka mayar da shi bayan yayarsa ta je ta yi roƙo.

Ana cikin haka ya kulle kansa a ɗaki ya yanke tiramadol da ƙarfin tsiya, ya yi mako biyar bai sha ba. Ƙuncin ya dawo fiye da na da. Wani dare ya sha irin adadin da ya saba sha a baya, alhali jikinsa ya riga ya rasa sabon da ya yi da maganin. Mahaifiyarsa ce ta same shi numfashinsa na sama-sama. A sashen gaggawa aka yi masa allurar naloksan, maganin da ke warware aikin ofiyom, aka sa masa ido saboda naloksan ba ya hana jijjigar da tiramadol ke kawowa. Da aka tambaye shi ko ya yi niyyar kashe kansa, ya ce bai shirya hakan ba, amma bai damu ba ko ya farka ko kada ya farka.

Likitar da ta gan shi a wannan karo ta tura shi wata ƙungiya da ke kula da shaye-shaye da cutar ƙwaƙwalwa tare: likitan ƙwaƙwalwa, nas, masanin halayyar ɗan Adam da jami'ar walwala, duka da fayil ɗaya.

Makon farko: takarda guda ta tarihi

Abin da aka fara yi ba magani ba ne. An zauna da shi da yayarsa kusan awa biyu, aka shimfiɗa doguwar takarda, aka ja layi daga shekara 15 zuwa 28. A saman layin ana rubuta yanayinsa da barcinsa, a ƙasa ana rubuta abin da yake sha da yawansa. Ana tambayar shekara ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo shekara 20, aka tambayi yayar ko ta taɓa ganinsa da ƙarfin da ya wuce nasa na kullum, sai ta yi shiru, ta juya ta ce masa: "Ka tuna lokacin da ka fente gidan nan?" Ya ce: "Yaya, ai lokacin lafiyata ƙalau." Ta ce wa likitan: "Likita, mu ma haka muka ɗauka."

Takardar ta nuna abu uku ƙarara. Ƙunci ya riga tiramadol zuwa da shekara huɗu, hauhawa kuma da shekara uku. Ƙuncin ya ci gaba, har ya ƙaru, a mako 12 na cibiyar gyaran hali da kuma mako biyar na ɗakinsa, alhali ƙa'idar DSM-5 na 2013, littafin da likitoci ke tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da shi, ita ce alamun da suka zarce kusan wata guda bayan an gama azabar yankewa suna nuni ga cuta mai zaman kanta. Na uku, hauhawar da satralin ya tayar ta daɗe sosai bayan maganin ya bar jikinsa, kuma littafin ya yarda a lissafa irin wannan a matsayin maniya ta gaskiya. Ga kuma tarihin ƙanin mahaifinsa.

Aka rubuta cuta uku a fayil guda: baifola nau'i na ɗaya, a halin yanzu cikin zagayen ƙunci, matsalar shan ofiyom mai tsanani, domin ya cika sharuɗɗa 9 cikin 11, kuma daga 6 zuwa sama ake kiran ta mai tsanani, da matsalar shan wiwi matsakaiciya. PHQ-9 ya nuna 22. An yi gwajin fitsari na musamman, domin gwajin ofiyom na yau da kullum ba ya kama tiramadol. An auna ƙoda, da sinadaran halittar gaban wuya da ake kira tayirod, da kalsiyom na jini, aka kuma ɗauki hoton bugun zuciya.

An faɗa masa abu guda tun ranar farko, aka kuma maimaita wa yayarsa: ko ya sha ko bai sha ba, ranar ganin likitansa tana nan, ba za a kore shi ba.

Wata na 1 zuwa na 6

Bayan fitowarsa daga sashen gaggawa ya ci gaba da shan tiramadol, don haka aka fara da wannan. An ɗora shi a kan bufirenofin, maganin dangin ofiyom da ke rage azabar yankewa da sha'awar ƙwaya, haɗe da naloksan, wanda ake sawa ƙarƙashin harshe. Sai da aka jira alamun yankewa suka bayyana sosai kafin a ba shi kashin farko, domin idan aka yi gaggawa maganin da kansa yake jefa mutum cikin azaba. Ya daidaita a miligiram 8 cikin mako guda. Sha'awar ƙwaya ta ragu ainun, kuma aka ba yayarsa naloksan ta ajiye a gida, aka koya mata amfani da shi.

Don ƙuncin aka ba shi kwetiyafin, aka hau da shi sannu a hankali zuwa miligiram 300 da dare, tare da lura da yawan barci tunda yana shan bufirenofin. A mako na uku aka ƙara litiyom, tsohon maganin da John Cade ya gwada a kan masu maniya a Ostireliya, ya wallafa sakamakon a 1949, wanda har yau yana cikin 'yan magungunan da aka ga suna rage kashe kai a masu baifola. Litiyom magani ne mai ƙunƙuntar iyaka tsakanin amfani da guba, don haka ana auna shi a jini awa 12 bayan kashin dare, kowane mako har ya tsaya. Nasa ya tsaya a 0.7, cikin zangon 0.6 zuwa 0.8 da ake nema. Saboda abin da ya faru a baya, na mako guda kaɗai ake ba shi, kuma a hannun yayarsa yake zama. Ba a sake ba shi maganin damuwa ba.

Masanin halayya yana ganinsa kowane mako. Makonnin farko hira ce irin wadda William Miller ya fito da ita a 1983, inda ba a gardama da majinyaci, ana jawo shi ne ya faɗi dalilansa na son canji da bakinsa. A kan wiwi ya tsaya kai da fata cewa ba zai daina ba, domin ba ya barci sai da ita. Ba a matsa masa ba. An roƙe shi ya riƙa rubuta awannin barcinsa da yawan abin da ya sha kowace rana. Da kwetiyafin ya fara ba shi barci, shi da kansa ya ga a littafinsa cewa darare da dama ya yi barci bai sha ba. A wata na huɗu ya koma sau ɗaya ko biyu a mako.

Jami'ar walwala ta rubuta wa wurin aikinsa, da izininsa, aka mayar da shi aikin rana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai baifola, domin rikicewar barci tana cikin manyan abubuwan da ke tayar da hauhawa. An zauna da mahaifiyarsa da yayarsa sau uku, aka yi musu bayanin cutar, aka kuma amince da alama guda mai sauƙi: idan ya yi dare biyu a jere barcinsa bai kai awa biyar ba kuma bai ji gajiya ba, a kira nas, kada a jira.

PHQ-9 ya sauka zuwa 15 a mako na shida, 9 a mako na 12.

A wata na biyar aka samu tangarɗa. Ciwon bayan ya motsa, ya sayi daikulofenak ya sha na kwana biyar, da kyakkyawar niyya, don gudun komawa tiramadol. Hannunsa ya kama rawa, gudawa ta biyo. Yayarsa ta kira nas. Litiyom ɗin jininsa ya hau 1.3, domin magungunan kashe zafi irin daikulofenak da ibufurofen suna hana ƙoda fitar da shi. Aka dakatar da litiyom kwana biyu, ya sauko, aka mayar. Aka haɗa shi da mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, aka bar masa farasitamol, aka rubuta masa jerin magungunan da zai guje wa a wani ɗan kati da yake ɗauka a aljihu.

Wata na 7: komawa ruwa

Ya yi saɓani da shugabansa a wurin aiki, ya kasa zuwa karɓar bufirenofin, azabar yankewa ta taso, ya sayi tiramadol. Kwana huɗu yana sha. Nas ta kira shi tun ranar da bai zo ba, bai ɗauka ba, ta sake kira washegari, ta kira yayarsa. A rana ta biyar ya zo da kansa, ya faɗi abin da ya sha da yawansa kafin a tambaye shi. Aka mayar da shi kan bufirenofin a ranar, aka auna litiyom, aka duba ko hauhawa ta fara. Ba ta fara ba. Zaman da ya biyo baya an yi shi ne a kan awannin da ke tsakanin saɓanin da sayen ƙwayar, da wanda zai iya kira a cikinsu.

Wata na 18

Tun daga wata na bakwai duk gwaje-gwajen fitsarinsa babu tiramadol. Bai sake jijjiga ba, ba a sake kwantar da shi ba. PHQ-9 yana tsakanin 5 da 7. Sau ɗaya, a wata na 11, barcinsa ya ragu dare biyu, mahaifiyarsa ta kira, aka ɗan ƙara kwetiyafin na kwana goma, abin ya lafa a gida. Yana aikinsa na rana.

Ba komai ne ya gyaru ba. Ya ƙara kilo 9, sukarin jininsa ya ɗan hau, don haka aka rage kwetiyafin zuwa miligiram 150. Hannunsa na ɗan rawa saboda litiyom. Yana shan wiwi jefi-jefi, sigari kuwa kullum. Bashin da ya ci lokacin hauhawa bai gama biya ba. Bufirenofin ya sauko zuwa miligiram 6.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Ba a rasa masu kyakkyawar niyya a wannan lamari ba. Cibiyar gyaran hali ta cire masa ƙwaya daga jiki, kuma ta yi hakan da gaske. Amma an kashe maciji ba a sare kansa ba: an raba shi da abin da yake danne ƙuncinsa da shi, aka sallame shi da ƙuncin tsirara. Mafi ciwo a nan shi ne mako 12 ɗin nan su ne hujja mafi ƙarfi da aka taɓa samu cewa yana da cuta mai zaman kanta, sai aka karanta hujjar a matsayin taurin kai. Da akwai mai tantance lafiyar hankali ko sau ɗaya a mako na shida, da an rage masa kusan shekara biyu na wahala.

Sharaɗin "je ka daina sannan ka dawo" yana da tushe na ilimi, domin maye da yankewa suna kwaikwayon cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma likita ba ya son laƙaba wa mutum cutar da ba shi da ita. Sai dai ƙa'idar wata guda an yi ta ne don taimaka wa likita wajen sa wa cuta suna. Ba a yi ta don a rufe ƙofa ba. Ana iya fara kula da mutum, a kiyaye rayuwarsa, a bar sunan cutar a buɗe har lokaci ya nuna. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara jagororin kula da lafiya, ta faɗi haka a jagorarta ta 2016: kada a hana mai tsananin cutar ƙwaƙwalwa kulawa saboda yana shaye-shaye. A wannan lamari sharaɗin ya haifar da ɓarna ta biyu da ba a hango ba, domin shi ne ya koya wa majinyacin ɓoye gaskiya, ɓoyewar kuma ita ta kai ga haɗa satralin da tiramadol. Likitan iyali ya yi aiki da abin da aka faɗa masa. Duk da haka PHQ-9 ƙunci kaɗai yake aunawa, ba ya tambayar hauhawa, kuma tambaya guda a kan kwanakin rashin buƙatar barci ta cancanci a yi ta kafin a rubuta wa kowane matashi maganin damuwa.

Abin da ya juya lamarin, a ganina, abu ne mai araha: doguwar takarda, awa biyu, da 'yar uwa da ta san shi tun yana yaro. Majinyaci da wuya ya kawo ƙarar lokutan hauhawarsa, domin a wurinsa su ne kwanakin da ya fi jin daɗi. Sai an tambayi wanda ya gani da idonsa. Magungunan da aka yi amfani da su kuwa duk sanannu ne, ba sabon abu a cikinsu. Bambancin shi ne hannu ɗaya ne ya rubuta su, yana sane da yadda kowanne ke taɓa ɗan uwansa, har da maganin ciwon bayan da ya fara jawo komai.

Edward Khantzian ya kawo ra'ayin nan a 1985 cewa wasu mutane suna shan ƙwaya ne don yi wa kansu maganin wani ciwo na zuciya. Farkon wannan lamari ya dace da ra'ayin sosai. Amma bai kamata a ja shi har a ce da an magance baifola, shan ƙwayar zai tafi da kansa ba. Bayan shekara biyar, jarabar tiramadol ta riga ta zama cuta mai cin gashin kanta, da nata magani. Abin da ya faru a wata na bakwai ya nuna haka: yanayinsa a daidaice yake, litiyom ɗinsa daidai, amma rashin bufirenofin na 'yan kwanaki ya isa ya mayar da shi. Kuma abin da ya sa kwana huɗun ba su zama wata huɗu ba shi ne alƙawarin ranar farko, wanda ya gwada ya ga gaskiya ne.

Lamari ɗaya ne wannan, kuma majinyacin yana da abin da da yawa ba su da shi: wurin kwana, aikin da ya karɓe shi sau biyu, da yaya mai naci. Wanda ba shi da waɗannan zai buƙaci ƙungiyar ta cike gurbinsu, kuma aikin zai fi wuya nesa ba kusa ba.

A zamansa na ƙarshe ya nemi a cire masa bufirenofin gaba ɗaya. An yi masa bayanin cewa haɗarin komawa da na mutuwa ta hanyar wuce kima yana ƙaruwa a makonnin da ke biye da dainawa, kuma an riga an taɓa kwetiyafin kwanan nan, ba a son motsa magani biyu a lokaci guda. Aka amince a sake duba maganar bayan wata shida. Kafin nan za a ci gaba da auna litiyom duk wata uku, ƙoda da tayirod duk wata shida, sannan a fara aikin daina sigari, wanda shi ne ya zaɓa da kansa.